Lauyan Sarki ko Lauyan Jama'a? Labarin Antoni-Janar na Kanada ta Sama

 

Duk mai sauraren labarai ya saba jin sunan Antoni-Janar, wato babban lauyan gwamnati. Za ka ji an ce ya shigar da ƙara, ko ya karɓi wata shari'a daga hannun 'yan sanda, ko ya janye tuhumar da ake yi wa wani. Amma ba kasafai muke tambayar inda kujerar ta samo asali ba, balle mu tambayi wanda mai kujerar yake yi wa aiki. Shin lauyan mai mulki ne, ko lauyan jama'a?

Domin mu ga nauyin wannan tambaya, yau za mu tafi Kanada, mu koma baya fiye da shekara 200, zuwa wani lardi na Birtaniya da ake kira Kanada ta Sama. Shekara 50 kacal lardin ya yi, daga 1791 zuwa 1841, kuma shi ne tushen yankin da yau ake kira Ontariyo, inda birnin Toronto yake. A cikin waɗannan shekaru kujerar Antoni-Janar ta ga abubuwa iri-iri. Mai riƙe da ita na farko harbe shi aka yi a kan faɗan mutunci, wani ya mutu a fagen yaƙi, biyu korar su aka yi, wani kuma ya hau ta yana ɗan shekara 21, bai ma gama koyon aikin lauya ba.

Asalin kujerar

A Ingila, tun ƙarni na 13 sarakuna suke da lauyoyin da ke tsaya musu a kotu, domin sarki ba ya zuwa gaban alƙali da kansa. Sannu a hankali aikin ya taru a hannun mutum guda, aka riƙa kiransa Antoni-Janar. A tsarin shari'ar Ingila, babban laifi irin su kisa da fashi laifi ne da aka yi wa sarki, shi ya sa da sunan sarki ake shigar da ƙara. Da Birtaniya ta bazama mulkin mallaka, kusan duk inda ta aika gwamna sai ta haɗa shi da irin wannan lauya.

Bayan Amurka ta ƙwaci 'yancinta, yaƙin ya ƙare a 1783, dubban mutanen da suka goyi bayan Sarkin Ingila suka yi ƙaura zuwa arewa, suka zauna a ƙasar da tun fil azal ta 'yan asalin yankin ce, irin su ƙabilar Mississauga. A 1791 majalisar Birtaniya ta raba lardin Kwibek gida biyu. Ɓangaren da ke gangaren kogin St. Lawrence, inda masu jin Faransanci suka fi yawa, ya zama Kanada ta Ƙasa. Ɓangaren da ke can saman kogin, a bakin manyan tafkuna, ya zama Kanada ta Sama. Gwamnansa na farko shi ne John Graves Simcoe.

Antoni-Janar na lardin yana da manyan ayyuka huɗu: ba gwamna shawara a kan abin da doka ta ce, rubuta daftarin dokoki, duba takardun filayen da gwamnati ke rabawa, da gurfanar da masu manyan laifuka. A Ingila ta wancan lokaci yawanci wanda aka cuta ne ke ɗaukar nauyin kai ƙara. A Kanada ta Sama kuwa, Antoni-Janar da mataimakinsa, wanda ake kira Solisita-Janar, su ne ke bin alƙalai gari-gari suna gabatar da manyan ƙararraki da kansu.

Ku riƙe abubuwa biyu a ranku. Na farko, da sunan sarki ake naɗa shi, daga Landan, kuma Landan ce ke iya cire shi. Talakan lardin ba shi da ta cewa. Na biyu, ban da albashi, yana karɓar lada a kan shari'o'in da ya yi da takardun da suka bi ta hannunsa, kuma yana da damar yin aikin lauya na ƙashin kansa. Yawancin rigingimun da za mu gani daga waɗannan abubuwa biyu suka taso.

John White: mai dokar barci

Wanda ya fara hawa kujerar shi ne John White, lauya daga Ingila, wanda ya iso lardin a 1792. Bai yi shekara guda ba wata babbar jarrabawa ta same shi.

A watan Maris na 1793, wani mutum mai suna Adam Vrooman ya ɗaure wata baƙar fata da yake riƙe da ita a matsayin baiwa, sunanta Chloe Cooley, ya jefa ta cikin kwalekwale, ya haye da ita Kogin Niyagara don ya sayar da ita a Amurka. Ta yi ihu, ta yi kokawa iyakar ƙarfinta. Wani baƙar fata ɗan 'yanci, tsohon soja, mai suna Peter Martin, ya kai maganar gaban gwamna da majalisarsa ta zartarwa. Aka umarci White ya gurfanar da Vrooman, amma maganar ba ta je ko'ina ba, domin dokar lokacin ta ɗauki Chloe a matsayin dukiyarsa.

Da aka ga doka ce matsalar, sai aka nufi gyara ta. White ya gabatar da ƙuduri a majalisar dokokin lardin. Wasu daga cikin 'yan majalisar su ma suna da bayi, saboda haka aka yi ta ja-in-ja har aka rage wa ƙudurin ƙarfi. Dokar da ta fito a Yulin 1793 ta hana shigo da sababbin bayi, ta kuma ce duk ɗan da baiwa ta haifa daga ranar zai zama ɗa idan ya kai shekara 25. Waɗanda ke cikin bauta a lokacin ba ta 'yanta su ba, Chloe kuma ba ta dawo ba. Duk da haka tana cikin dokokin farko da suka taƙaita bauta a daular Birtaniya, shekara 40 kafin majalisar Landan ta yi dokar soke bauta a 1833.

White ya kuma taimaka wajen kafa ƙungiyar lauyoyin lardin a 1797, ya zama shugabanta na farko. Ƙungiyar tana nan har yau.

Amma ƙarshensa bai yi kyau ba. Ya yi wata maganar ɓatanci a kan matar John Small, magatakardan majalisar zartarwa. A al'adar manyan Turawa na lokacin, idan an taɓa mutuncin mutum, sai ya ƙalubalanci wanda ya taɓa shi su fito fili, kowa da ƙaramar bindigarsa, su harbi juna. Doka ta haramta wannan, kuma babu wanda ya fi White sanin haka. Duk da haka ya amsa gayyata. Ranar 3 ga Janairun 1800 suka fito a garin York, wanda daga baya ya zama Toronto. Harsashi ya same shi, washegari ya mutu. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Aka gurfanar da Small a kan kisan kai, aka sallame shi.

Kujerar da ba ta zaunuwa

Shekaru goma sha biyun da suka biyo baya, kujerar ta yi ta sauya hannu. Solisita-Janar Robert Gray ya riƙe ta na ɗan lokaci kafin Thomas Scott ya iso daga Birtaniya. Shi Gray, a Oktoban 1804 ya shiga wani jirgin ruwa mai suna Speedy tare da alƙali da lauyan kariya da shaidu da wanda ake tuhuma, wani ɗan asalin yankin da ake zargi da kisa, za su je inda za a yi shari'ar. Guguwa ta taso a Tafkin Ontariyo, jirgin ya nutse, babu wanda ya tsira. Kotu guda sukutum ta tafi a dare ɗaya.

Scott ya zama Babban Joji a 1806. Wanda ya gaje shi, William Firth, ya yi ta rigima da Gwamna Francis Gore a kan kuɗin lada. A 1811 ya kama hanyar Ingila don ya kai ƙara ba tare da izini ba, sai aka raba shi da kujerar. Wanda ya kamata ya riƙe ta, Solisita-Janar D'Arcy Boulton, shi kuma Faransawa sun kama jirgin da yake ciki a teku, suna tsare da shi a Faransa. Sai aka ba wani matashin lauya, John Macdonell.

Ana haka yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Birtaniya a 1812. Macdonell ya zama dogarin Janar Isaac Brock, kwamandan sojojin lardin. Ranar 13 ga Oktoba sojojin Amurka suka haye Kogin Niyagara suka kama tudun Queenston. Brock ya yi ƙoƙarin ƙwato tudun, aka kashe shi. Macdonell ya sake jan runduna, shi ma aka harbe shi, ya cika washegari yana ɗan shekara 27.

Ɗan shekara 21 a kan kujera

A cikin mayaƙan sa-kai da suka yi wannan gumurzu akwai wani ɗalibin lauya da ke koyon aiki a ofishin Macdonell, sunansa John Beverley Robinson. An haife shi a 1791, maraya ne tun yana yaro, amma ya samu iyayen gida masu ƙarfi, cikinsu har da malaminsa John Strachan da Alƙali William Dummer Powell. Shi aka ba riƙon kujerar. Ku auna da kanku: sa'an yayyenku da ke aji biyu ko uku a jami'a, ga shi shi ne babban lauyan sarki a lardin da ake yaƙi.

Babbar shari'ar da ta faɗo masa ita ce ta garin Ancaster a 1814. Mazauna lardin da yawa asalinsu Amurkawa ne, kuma wasu sun taimaki sojojin Amurka. Shugabannin soja suna son a hukunta su da gaggawa don a tsorata saura. Robinson ya tsaya a kan cewa farar hula ne, a kai su kotun farar hula, a kawo shaidu, a zaunar da juri. Juri su ne mutum 12 daga cikin jama'ar gari da ake zaunarwa su saurari shari'a, su faɗi ko mutum ya aikata laifin ko bai aikata ba. An yi wa mutum 19 shari'ar cin amanar ƙasa. Huɗu suka kuɓuta, 15 aka yanke musu hukuncin kisa. Takwas daga cikinsu aka rataye ranar 20 ga Yulin 1814, aka ɗage wa sauran bakwai.

Har yau masana tarihi suna kallon wannan shari'a ta fuska biyu. Wasu suna yaba masa da ya hana soja yin gaban kansu. Wasu kuma suna ganin manufar tun farko ita ce a yi abin da zai firgita jama'a, kotu hanya ce kawai. Abin da ba a musu a kansa shi ne yaron ya nuna ƙwarewa. Da Boulton ya dawo daga tsare ya karɓi kujerar, Robinson ya zama mataimakinsa, ya tafi Ingila ƙaro karatu. A 1818 Boulton ya zama alƙali, Robinson ya koma kan kujerar, ya riƙe ta shekara 11.

Sule biyar da fam hamsin

A wannan zamani wasu 'yan tsirarun gidaje ne ke juya lardin. Su ne a majalisar zartarwa, su ne alƙalai, su ne a banki, suna auren juna, suna naɗa 'ya'yan juna. 'Yan adawa suka laƙaba musu suna Family Compact, ma'ana ƙawancen 'yan gida ɗaya. Robinson yana cikin jiga-jigansu. Akwai majalisar dokoki da jama'a ke zaɓa, shi ma ɗan majalisar ne, amma ba ta da ikon cire ko mutum ɗaya daga cikin manyan jami'ai.

Wani ɗan jarida ɗan asalin Sikotilan, William Lyon Mackenzie, ya riƙa caccakar waɗannan gidaje a jaridarsa mai suna Colonial Advocate, wani lokaci har da zagi na tsiraici. Ranar 8 ga Yunin 1826, wasu samari 'ya'yan manya, cikinsu har da ɗaliban lauya, ƙarƙashin jagorancin Samuel Jarvis, suka fasa maɗaba'arsa ido na ganin ido. Suka lalata injin, suka kwashi ƙananan haruffan dalma da ake jerawa a buga jarida, suka watsa wasu a cikin tafki.

Kowa a York ya san waɗanda suka yi. Antoni-Janar bai gurfanar da kowa ba. Hujjarsa ita ce wanda aka cuta bai kawo masa koke ba, ya zaɓi ya nemi diyya. Gaskiya ne Mackenzie diyya ya nema, juri kuma suka ba shi fam 625, kuɗin da suka fitar da shi daga bashi suka raya jaridarsa. Amma jama'a sun lura cewa idan 'yan adawa ne suka yi rubutu mai zafi, gwamnati ba ta jira kowa ya kawo koke.

Kun san monita mai rubuta sunayen masu surutu. Ba lallai ya yi wa kowa ƙarya ba. Duk wanda ya rubuta, to ya yi surutun. Zaluncinsa yana cikin sunayen da bai rubuta ba, na abokansa da suka fi kowa ɗaga murya. Malamin da ya shigo takardar kawai zai gani, ita zai bi ya yi bulala. Haka alƙali yake: ba ya hukunta wanda ba a kawo masa ba. Shi ya sa ikon zaɓen wanda za a tuhuma yake da haɗari ƙwarai, domin yana aiki ne tun kafin a shiga kotu.

Wanda ya fito ya faɗi haka a bainar jama'a shi ne wani ɗan jarida, Francis Collins, mai jaridar Canadian Freeman. A 1828 ana tuhumarsa da ɓata suna, sai ya miƙe a kotu ya zargi Robinson da son kai: ga shi ana jan sa a kan rubutu, ga waɗanda suka fasa maɗaba'a suna yawonsu. Alƙalin da ke zaune, John Walpole Willis, wanda bai daɗe da zuwa daga Ingila ba, ya saurare shi, ya kuma soki yadda Antoni-Janar ke tafiyar da aikinsa. Dole aka gurfanar da samarin. An same su da laifi, aka ci kowannensu tarar sule biyar.

Kafin shekarar ta ƙare gwamna ya cire Willis daga alƙalanci. Shi kuma Collins aka same shi da laifin ɓata sunan Robinson kansa, aka ɗaure shi shekara ɗaya, da tarar fam 50. Ku tambayi kakanninku, sule 20 ke yin fam guda. Ke nan tarar mai alƙalami ta ninka ta mai fasa maɗaba'a sau 200, ban da zaman kurkuku. Majalisar dokoki ta kai kuka ga sarki, aka sake shi a 1829. A shekarar ce Robinson ya zama Babban Joji.

Daga kora zuwa tawaye

Henry John Boulton, ɗan D'Arcy Boulton, shi ya gaji kujerar a 1829. A lokacin jama'a sun zaɓi Mackenzie zuwa majalisa. Daga ƙarshen 1831 magoya bayan gwamnati suka riƙa korarsa daga majalisar, mazaɓarsa tana sake dawo da shi, har sau biyar. Boulton da mataimakinsa Christopher Hagerman suna kan gaba a wannan aiki. Mackenzie ya tafi Landan da takardun koke. Ministan da ke kula da ƙasashen mulkin mallaka, Lord Goderich, ya nuna bai yarda da korar ba, suka yi kunnen uwar shegu. A 1833 ya sallame su duka biyun.

Ku lura da wanda ya yi korar. Mutanen lardin sun yi shekaru suna kuka, ba su iya motsa kujerar ba. Takarda ɗaya daga Landan ta motsa ta. Korar ma ba ta yi nisa ba: aka tura Boulton tsibirin Newfoundland ya zama Babban Joji, aka mayar da Hagerman kan aikinsa. Landan ta aiko da Robert Jameson ya riƙe kujerar zuwa 1837, daga nan Hagerman ɗin da aka kora ya zama Antoni-Janar.

A Disambar 1837 Mackenzie ya fid da rai da gyara ta hanyar majalisa, ya ja mutane, yawancinsu manoma, suka yi wa Toronto tsinke da makamai. Cikin 'yan kwanaki aka tarwatsa su, ya gudu Amurka. Biyu daga cikin mutanensa, Samuel Lount, maƙeri, da Peter Matthews, manomi, suka amsa laifin cin amanar ƙasa. Hagerman ne mai gabatar da ƙara, Robinson ne alƙali. Dubban mutane suka sa hannu a takardun neman afuwa, amma aka rataye su ranar 12 ga Afrilun 1838.

Ranar da kujerar ta sauya ubangida

Tawayen, da wani makamancinsa a Kanada ta Ƙasa, ya girgiza Landan. Aka aiko Lord Durham ya yi bincike, ya miƙa rahotonsa a 1839. Cikin shawarwarinsa akwai cewa masu ba gwamna shawara su zama mutanen da majalisar da jama'a suka zaɓa ta amince da su. A 1841 aka haɗe lardunan biyu. William Henry Draper shi ne Antoni-Janar na ƙarshe na Kanada ta Sama, amma kujerar ba ta mutu ba, domin kowane ɓangare ya ci gaba da riƙe nasa babban lauya.

Wanda ya fi kowa dagewa a kan sabon tsarin shi ne Robert Baldwin, lauya ɗan Toronto. Bai shiga tawaye ba, kuma bai yarda a yi mulki ba da yardar majalisa ba. Ya zama Antoni-Janar na ɓangaren yamma a 1842, abokin tafiyarsa Louis-Hippolyte LaFontaine kuma na ɓangaren gabas. A 1843 Gwamna Charles Metcalfe ya riƙa naɗe-naɗe ba tare da shawararsu ba, sai suka ajiye aiki. A da, gwamna ko Landan ke korar Antoni-Janar. Yanzu ga wanda ya tashi da kansa saboda an raina majalisar jama'a.

Ga wani abin mamaki. A 1847 wanda ya hau kujerar shi ne Henry Sherwood, ɗaya daga cikin samarin nan da suka fasa maɗaba'ar Mackenzie shekara 21 baya. Amma zamani ya riga ya juya. Aka yi zaɓe, ɓangarensa ya sha kaye, a Maris na 1848 majalisa ta kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa da gwamnatinsa. Gwamna Lord Elgin ya kira LaFontaine da Baldwin su kafa gwamnati. Abin da koke-koke na shekara da shekaru suka kasa yi, ƙuri'a ta yi shi.

Daga nan kujerar ta zama ta manyan 'yan siyasa. John A. Macdonald ya hau ta a 1854, ya riƙe ta a mafi yawan shekarun da suka biyo baya. A zamaninsa, a 1857, aka yi dokar naɗa lauyoyin gwamnati a kowace gunduma domin su kula da ƙararrakin yankunansu. A 1867 ya zama Firayim Ministan Kanada na farko, kuma ministan shari'arta na farko.

Abin da ya rage ba a warware ba

Kada ku ɗauka an gama magana a 1848. An warware matsala ɗaya, wata ta ɓullo. A da, tsoron da ake yi shi ne Antoni-Janar zai kare gwamna da 'yan gidansu. Yanzu da ya zama ɗan jam'iyya kuma minista, me zai hana shi kare 'yan jam'iyyarsa ya takura wa abokan hamayya? Kowa ya ci ladan kuturu, an ce dole ya yi masa aski.

Kanada ta bi hanyoyi biyu wajen rage wannan haɗari. Ta farko al'ada ce da ta kafu, cewa a kan maganar wanda za a tuhuma, Antoni-Janar ba ya karɓar umarni daga sauran ministoci ko daga jam'iyya. Ta biyu doka ce. A 2006 gwamnatin tarayyar ƙasar ta kafa ofishin daraktan gabatar da ƙararraki mai zaman kansa. Idan Antoni-Janar yana son ya ba shi umarni a kan wata shari'a, dole ya rubuta, a buga a jaridar gwamnati kowa ya gani.

Nijeriya ma daga tsarin shari'ar Ingila ta gaji wannan kujera. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ce Antoni-Janar na tarayya shi ne babban jami'in shari'a kuma minista ne, na jiha kuma kwamishina ne. Sai wanda ya yi aƙalla shekara 10 yana lauya zai hau, saboda haka Robinson ɗan shekara 21 ba zai samu shiga ba a nan. Sashe na 174 da na 211 sun ba su ikon shigar da ƙarar laifi, da karɓe wadda wani ya shigar, da janye ta kafin a yanke hukunci. Sassan sun kuma gindaya sharaɗi: a yi la'akari da maslahar jama'a, da adalci, da hana amfani da kotu ta hanyar da ba ta dace ba. An daɗe ana muhawara a ƙasar nan ko a raba kujerar Antoni-Janar da ta ministan shari'a. Masu son a raba suna cewa ɗan siyasa ba zai iya tuhumar ubangidansa ba. Masu cewa a bar su tare suna ganin wanda ke da irin wannan iko ya kamata ya kasance inda wakilan jama'a za su iya kiransa su yi masa tambayoyi.

Tarihin Kanada ta Sama yana ba kowane ɓangare abin kafa hujja. Robinson ba jahili ba ne, kuma ba a san shi da cin hanci ba. Ya ƙware a aikinsa, ya kuma yi imani cewa abin da yake yi shi ne alheri ga lardin. Matsalarsa ita ce babu wanda zai iya tsayar da shi ya tambaye shi dalilin tuhumar wane da ƙyale wane, sai mutanen da suka naɗa shi, waɗanda su ne abokan cin tuwonsa. Ƙwarewa da kyakkyawar niyya ba su isa ba idan babu mai duba aikin mutum.

Saboda haka, ƙannena, musamman masu burin karanta aikin lauya, idan kun ji an ce Antoni-Janar ya shigar da ƙara ko ya janye ta, ku yi tambayoyi uku. Wa aka tuhuma? Wa ya yi irin wannan laifi ba a tuhume shi ba? Wa ke da ikon neman bayani, kuma an ba shi? Masu riƙe da muƙamin monita da firifet kuma, ku fara yi wa kanku tambaya ta biyu.

Ga aiki ga ƙungiyoyin muhawara na makarantunku: "Ya kamata a raba kujerar Antoni-Janar da ta ministan shari'a." Ku nemi kundin tsarin mulki a ɗakin karatu ko a intanet, ku karanta sassan da na ambata, ku rabu gida biyu ku fafata. Ku aiko mana da hujjojin da suka fi ƙarfi, za mu kawo wasu daga ciki a wannan fili.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A yi karatu lafiya.